Kan da Ƙuda Ba Ya Sauka

Kwalbar ta roba ce, fara, mai jan murfi, tsayinta bai wuce tafin hannu ba. Ni na ɗauko ta da hannuna a bayan rumbun Baba a Nahuce, inda yake jibge kwalaben maganin feshin wake idan sun ƙare. Na fara da wannan ne don kada labari ya yi nisa in samu kafar zillewa, domin na san halina. Na daɗe ina zillewa.

Lokacin ina gidanmu, wankan jegon haihuwar fari. Mace na haifa. Maigidana yana koyarwa a Gusau, can muke haya, amma danginsa duk suna Tsafe. An yi suna lafiya, wanzami ya aske kan yarinya tas, har mata suna yaba kyan ƙeyarta. Sai da muka doshi arba'in wani abu ya fara fitowa a tsakar kan, daidai maɗiga, wurin nan mai laushi da ke bugawa. Ɓawo-ɓawo ne ruwan ɗorawa, mai maiƙo, ya kama fata kam. Cikin mako guda ya bazu har goshi da bayan kunne. Ba ya yi mata ƙaiƙayi, bai hana ta barci ba, bai hana ta shan nono ba. Ni kaɗai ya hana sukuni.

Inna, mahaifiyata, ƙanzo take ce masa, don ya yi kama da na gindin tukunyar tuwo. Ita ce makitsiyar unguwarmu, babu irin kan da ba a ɗora mata a cinya ba, don haka ko a jikinta.

"Ke ma da shi kinka zo," in ji ta. "Naki har ya hi wanga. Ba ciwo ba na, ba kuma ƙazanta ba ta. Da kainai za shi tahi in lokaci ya yi."

Ni ce 'yar farinta, kuma tun da na yi wayo har zuwa lokacin ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce kawai. Haka ni ma aka sa ran in yi da tawa 'yar. Kada in kira sunanta, kada in ɗauke ta a gaban manya, kada in nuna ta dame ni. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a wurinmu ba abin wasa ba ce. Sai an fita an bar mu mu biyu a ɗaki nake jawo ta in zuba wa kan ido, raina yana ɓaci.

Ranar da muka yi arba'in Hajiya, uwar maigidana, ta zo daga Tsafe da turmin atamfa da sabulai. Mace ce mai tsafta ta ƙin ƙarawa, wadda za ta iya mayar da kofi a sake wankewa sau biyu kafin ta sha ruwa. Ta karɓi jikarta, ta zame 'yar hular da ke kan yarinyar, ta duba. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ashe makarantag ga taku ba a koya wankin kan jinjiri?"

Ta yi dariya, aka taya ta, wai wasa ne. Ni kuwa ban ɗauke ta wasa ba. Kafin ta tafi ta ce matar ƙanen maigidana ta kusa sauka, in an zo suna tana so in kawo yarinyar dangi su gan ta. Daga ranar ban ƙara ganin komai a jikin 'yata ba sai wannan ɓawon.

Da zan koma Gusau na matsa wa Inna lamba sai ta haɗa mini magani. Ta narkar da man kaɗe, ta ɗiga man dogon yaro kaɗan, mai ɗacin warin nan, ta juye a wani ɗan kwano marar murfi. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla.

"Ɗan kaɗan za ki shahwa da sahe. Ki bari shi jiƙa, kamar ki dama kunu ki sha, sannan ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Abin da tsumma ya ɗebe, ya ɗebe. Abin da ya ƙi, ki ƙyale shi sai wata rana. Kak ki sa ƙumba, kak ki sa mataji. Bisa maɗiga yake."

Na ce to, irin to ɗin da baki ke faɗa shi kaɗai.

Kwano marar murfi ba ya shiga jakar kaya, ga rana ta buɗe, man ya ƙi daskarewa. Shi ne na zagaya bayan rumbu. A garinmu kwalba mai murfin kirki ba ta zama shara. Ta maganin feshi ana zuba kalanzir a ciki, ana zuba man keke, har gishiri na taɓa gani a cikin wata a gona. Na zaɓi wadda ta fi sabunta, na ɓare takardar jikinta, na wanke da garin sabulu sau uku, na cuɗe ta da toka, na kife ta a rana. Da ta bushe na shinshina. Akwai ɗan wari can ƙasa-ƙasa, amma ina zuba man, warin dogon yaro ya danne shi.

Inna ta fito daga ɗaki ta gan ta a hannuna.

"Wagga kwalba ta ina ta?"

"Na wanke ta, Inna."

"Ba shi nit tambaye ki ba. Maido man cikin kwano in ɗaure miki baki da leda."

"Haba Inna, sau ukku hwa na wanke. Duk karatun da na yi ban san abin da nike yi ba?"

Wannan maganar na faɗa wa uwata a tsakar gidanta. Ta dube ni, ta dubi kwalbar. Ba ta saba ja-in-ja da ni ba, 'yar fari ba a tsawaita magana da ita. Mai mota ya yi oda a ƙofar gida, ta ce Allah ya tsare hanya, na jefa kwalbar a jaka.

Damina ta yi nisa a Gusau. Gidan hayarmu akwai kwata a ƙofarsa, ƙuda kuwa kamar a mahauta. Sanyin ruwan sama ya daskarar da man a cikin kwalbar, sai na riƙa tsoma ta a ruwan zafi kowace safiya har ya narke. Kwana biyu na bi maganar Inna. Tsumma ya ɗebo kaɗan, kaɗan ƙwarai, abin da ko kusa bai kai zuciyata ba. A rana ta uku aka aiko cewa matar ƙanen maigidana ta sauka. Saura mako guda suna.

Na daina wankewa. Na koma lafta man safe da yamma, in bar shi ya wuni, sannan in ɗauki ɗan mataji mai ƙananan haƙora in riƙa ɗaga ɓawon. Yana tashi kuwa, falle-falle. Ƙarƙashinsa fata ja jawur, wani wurin har da tsattsafin jini. Yarinya ta yi ta tsala kuka, in rarrashe ta da nono, in ƙara shafa man a kan jan wai don ya huce.

Maƙwabciyata, mai ɗakin da ke kallon namu, uwar yara biyar, ita ta fara lura. Ina shanya a tsakar gida, yarinyar tana kwance a tabarma kusa da nata jaririn.

"Maijego, mi kike shahwa ma ɗiyag ga? Dubi nawa, ƙuda sun ruhe mai ido. Taki ko guda bai sauka ba."

Na duba. Gaskiyarta. Suna ta shawagi a kan ɗanta, amma kan 'yata fes. A gefen tabarmar kuma, daidai kanta, ga wasu uku ko huɗu a rigingine, ɗaya yana ta juyi a ƙasa yana kaɗa ƙafafu. Na sa tsintsiya na share su. Wallahi daɗi na ji. Na ce mata ai man Innata ne, ba irin na kasuwa ba. Ta ce in sam mata, na ce sai an gama suna in ga abin da ya rage. Rowata ce ta tsare ɗan baiwar Allahn nan.

A kwanakin kaina ya riƙa sarawa, yatsuna biyu da nake shafa man da su suna mini zugi. Na ce gajiyar jego ce. Yarinyar ta fara dalalar da miyau, wuyan rigarta kullum a jiƙe, kashinta ya yi ruwa. Maƙwabciya ta ce haƙora ne, wasu yaran da wuri suke farawa. Ko wata biyu ba ta cika ba, wane irin haƙori? Amma amsar ta yi mini daɗi, na karɓe ta hannu biyu. Maigidana yana fita da safe sai yamma. Abin da ya ce kawai shi ne warin man nan ya yi ƙarfi. Na ce dogon yaro ne, in bai san shi ba ya tambaya.

Ranar suna kan ya washe, saura jajayen tabo. Man ya kusa ƙarewa, sai da na tsoma kwalbar a tafasasshen ruwa, na girgiza, na kakkaɓo na can ƙasa. Na lafta mata shi duka, na jefa kwalbar a jaka tare da kayanta, na ja mata hular ulu har kunne don kada a ga jan, duk da zufar da ake yi. Na goya ta, ni da maigidana muka hau mota zuwa Tsafe. Kowa ya san yadda hanyar take a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Da addu'a ake shiga mota, babu mai son yamma ta yi masa a kanta. Fasinjoji kowa idonsa a kan daji, ga dawa ta yi tsawo har ba a ganin abin da ke bayanta. Ni ma daji na yi ta kallo har muka isa, ko sau ɗaya ban zame hular na duba ba.

Gidan cike yake da mata. Tun a ƙofa aka kwance ta daga bayana, ta shiga yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Na samu lungu a ɗakin Hajiya na zauna, kaina a ƙasa, yadda ya kamata. Hajiya ta sa yatsa ta ɗaga gefen hular ta leƙa.

"Madalla," in ji ta. "Yanzu kam an yi wanka."

Abin da na yi kwana goma ina jira ke nan, na kuwa same shi.

Wajen azahar na fara jin numfashinta. Tana hannun wata goggon maigidana, taku uku daga inda nake. Wani ƙurr-ƙurr ne a ƙirji, kamar ruwa yana tafasa a ƙaramar tukunya. Miyau ya jiƙa wa matar zane. Gumi yana tsattsafowa a kan hancinta. Ba ta kuka, kuma sai a lokacin na tuna tun safe ba ta nemi nono ba.

"Kai, yarinyag ga akwai haƙuri," in ji goggon. "Tun ɗazu ko uhum."

Hannun yarinyar ya zamo ya yi lilo. Wani ɗan nama a kumatunta yana rawa shi kaɗai.

Na san ba lafiya ba. Ba zan ce ban sani ba. Amma ɗakin cike yake da surukai, kuma 'yar fari ce. In miƙe in ce a ba ni 'yata? Gobe a ce matar wane ba ta da kunya, ta fizge 'yar fari a gaban uwar miji, bayan an gama cewa ban iya wanka ba. Na zauna ina murza gefen mayafina, ina ce wa kaina bari a gama wannan hirar, bari a kawo abinci hankali ya rabu, sai in sa wata ta miƙo mini ita da dabara. Aka kira salla, wasu suka tashi suka yi, suka dawo. Ina jin ƙurr-ƙurr ɗin ta cikin guɗa da hayaniya, amma ban motsa ba.

Inna ta iso a makare, don mota biyu ta yi, daga Nahuce zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Tsafe. Ta gaisa da Hajiya, ta ajiye ƙwaryar geron da ta zo da ita, sannan ta miƙa hannu tana dariya.

"Ina ƙawata? Ku ba ni ƙawata in gani ko ta mance ni."

Ita kaka ce, babu mai hana ta. Tana karɓa fara'ar ta ɗauke. Ta cire hular, ta kai hancinta kan, ta ɗago da sauri. Shekara nawa tana wanke rigar Baba in ya dawo daga feshi, ta san warin ko da an binne shi cikin dogon yaro. Ta sa babban yatsa ta buɗe idon yarinyar. Baƙin tsakiyar ya tsuke, ya koma kamar ƙwayar gero.

Ba ta yi ihu ba. "Ruwa," in ji ta. "Sabulu. Maza!"

Ta fita tsakar gida ta durƙusa a bakin randa, ta tuɓe yarinyar, ta shiga wanke kan, buta bayan buta, tana karkata shi don kada kumfar ta shiga ido da baki. Mata suka yi cirko-cirko. Ni ina bakin ƙofa a bayan mutane, har lokacin ban iya ratsowa ba. Sai ta ɗago ta nemo ni cikin taron, ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban surukaina.

"Taso ki riƙa ɗiyakki!"

Yadda na ji sunan a bakinta, a nan na san 'yata tana iya mutuwa. Na karɓe ta, jikinta sanyi ƙalau, laƙwas, kanta yana faɗawa baya.

Ma'aikacin wani ɗakin shan magani da ke kusa ya dube ta sau ɗaya ya ce a wuce Gusau yanzu-yanzu. La'asar ta gota, direbobi biyu suka ƙi. Na uku ya dubi abin da ke hannuna, ya buɗe ƙofa. Maigidana ya shiga gaba, ni da Inna da Hajiya a baya. Inna ta ce in kwantar da ita a gefe don miyau ya riƙa zuba waje. Haka muka yi tafiyar, ina share mata baki da mayafina, ina jiran kowane numfashi ya biyo na gabansa. Hajiya kuwa tana ta salati.

A asibiti likita ya tambaya me aka ba ta. Inna ta ce ba a ba ta komai ba, mai ne aka shafa mata a kai. Ya ce ina man. Na zaro kwalbar daga jaka. Ya buɗe, ya shinshina, ya rufe da sauri. Ya ce irin wannan maganin yana shiga jikin robar, ruwa da sabulu ba su gama fitar da shi, amma mai yana jawo shi, balle in an ɗumama. Fatar jariri kuma tana shanyewa, balle wadda aka ɓare. Suka karɓe ta, allura bayan allura, roba a hanci, wani inji yana zuƙe abin da ya taru a maƙoshinta. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba zai yi mana alkawari ba. Aka ce mu jira a baranda.

A nan Hajiya ta juyo, idanunta jajir.

"Wa ya zuba man jinjiri cikin kwalbar guba? Ina tambaya, wa?"

Ni take kallo. Maigidana ma ni yake kallo. Na buɗe baki. Inna ta riga ni.

"Ni ta, Hajiya. Ni nih haɗa man, ni niz zuba shi ciki. Tsuhwa ta da rashin sani. Ku yi mini haƙuri."

Hajiya ta faɗi abin da ta faɗa, a kan mutanen ƙauye da jahilcinsu da maganinsu, a gaban masu jinya da masu shara. Inna ta sunkuyar da kai ta shanye duka. Ta san in aka ce ni ce, ba zan ƙara ɗaga kai a gidan nan ba, ƙila ma in yarinyar ta rayu a karɓe ta a kai Tsafe. Ni ma na sani. Na rufe bakin da na buɗe.

Sai a rana ta huɗu yarinyar ta kama nono. Ta rayu, Alhamdu lillahi. Bayan 'yan makonni ɓawon ya dawo abinsa, ni kuwa ban ƙara kai masa komai ba sai ruwan ɗumi da sabulu da tsumma. Kafin ta fara rarrafe ya tafi da kansa, kamar yadda aka gaya mini tun farko. Baba ya haƙa rami a bayan gari ya binne kwalabensa duka.

Maigidana ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Doka ɗaya ya kafa. In za mu Nahuce, kada a shafa wa yarinya komai, kada a ba ta jiƙo, kada a taɓa mata kai. Har yau duk tafiya sai ya maimaita a bakin mota, ni kuma in ce to. Na sha shirya maganar a raina, in ce yau zan gaya masa ni ce na zuba man a kwalbar, sai in ga yana cikin fara'a in ce bari gobe, in ga ransa a ɓace in ce ba yau ba. Inna ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, kuma tun ranar nan a Tsafe ba ta ƙara kiran sunana ba.

Yarinyar ta girma, tana firamare, gashi cike da kai baƙi wuluk. Inna, wadda amaren garinmu ke jiran layi a ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa yi mata kitso ba.

Hutun da ya wuce mun je Nahuce. Da hantsi muna zaune a inuwar rumbu, yarinyar ta ga an gama wa 'yar maƙwabta kitson shuku, sai ta tsefe nata kan, ta ɗauko mataji, ta je ta zauna tsakanin ƙafafun Inna ta jingina bayanta.

"Inna, ni ma ki yi mini irin nata."

Hannuwan Inna suka tashi da kansu, suka tsaya a saman kan, ba su taɓa ba. Ta mayar da su cinya.

"Yatsuna sun gaji yau, ƙawata. Uwakki ta yi miki in kun koma."

Yarinyar ta waiwayo ta dube ta.

"Ko don kin taɓa sa mini guba ina jaririya ne? Hajiya ta gaya mini. Ni ai na yafe miki."

"Awo, ƙawata," in ji Inna. "Shi na. Na gode."

Ta karɓi matajin ta ajiye a gefe. Ba ta dube ni ba. Ina zaune taku uku daga wurin, ina murza gefen mayafina.